Gogen da Aka Kawo Daga Saga

A shekarun farko bayan samun mulkin kai, kusan kowace unguwa a Yamai tana da ƙungiyarta ta samari da 'yan mata. Tamu ta Gamkalle ba ta da ɗaki, ba ta da ko benci na kanta. A filin lakwal, wato makaranta, muke haɗuwa bayan la'asar, in yara sun tashi. Ba a biyan kowa. Akwai masu lambu, akwai teloli, akwai yaran kamiyo, wato manyan motocin kaya, sai 'yan mata irina da ke kai salati da kabeji kasuwa da sassafe. Mukan share hanya, mukan taya wanda ruwa ya kayar masa da katanga, amma abin da ya fi riƙe mu shi ne bikin unguwanni na shekara-shekara, inda kowace ƙungiya ke kawo waƙarta da rawarta da wasan kwaikwayonta a gaban manyan ƙasa.

Babana Bahaushe ne daga gabas, direba a wata ma'aikata da ke unguwar Filato. Mutum ne mai sallah a kan lokaci, mara yawan magana. Inna kuwa Bazabarma ce, haifaffiyar Saga, wani gari a bakin gulbi kusa da Yamai. Ni ce 'yar farinsu, saboda haka Inna ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" take ce mini, in ranta na da daɗi ta ce "'yar nan".

Tun ina ƙarama na lura da wani abu a gidanmu wanda ba a maganarsa. In aka sako goge a rediyo, Baba zai miƙa hannu ya kashe, ko da yana tsakiyar cin abinci. In masu wasan iskoki suka yi taro a unguwa, Inna takan jawo turmi ta hau daka, ko da akwai gari a gida, ta yi ta daka har kiɗan ya ɗauke. Ƙanwarta, wadda muke kira Inna ƙarama, ita ta faɗa mini dalili wata rana muna tsinkar tumatir a lambu. Ta ce kafin aure Inna goɗiyar na ruwa ce, wato iskokin gulbi suna hawa kanta su yi magana da bakinta. Da Baba ya nemi aurenta ya ce sai ta bari. Aka yi ta ba ta rubutu tana sha, ta bari.

"Amma su ba su ce sun bari ba," in ji Inna ƙarama. "Kuma ta wajen mata suke bi. Kakarmu ta yi, uwarmu ta yi. Kada ki yarda ki ce ni na gaya miki."

Ban gaya wa kowa ba. Na ajiye maganar a ciki, na yi shekaru ba na taɓa ta.

A shekarar da nake ba da labari, wanda ke shirya mana wasa wani malamin lakwal ne matashi, muna ce masa Mushe. Mutumin kirki ne, siriri, kullum hannunsa da farin alli. Yakan ce Nasara sun daɗe suna sa mu jin kunyar abin iyayenmu, yanzu ƙasa tamu ce, sai mu fito da komai fili. Shi ya tsara rawar da za mu kai biki. Labarin 'yar wani masunci ne da ta je ɗiban ruwa, na gulbi suka kama ta, ta yi rawa har ta faɗi, sannan zima, wato mai maganin iskoki a wajen Zabarmawa, ya zo ya tashe ta, gari ya ɗauki murna.

Da aka zo rabon aiki, Mushe ya dube mu ɗaya bayan ɗaya ya nuna ni.

"Ke ce 'yar masunci. Kina da tsawo, na baya za su gan ki."

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Duk 'yan matan nan ni aka zaɓa. Maganar Inna ƙarama ta ɗan motsa a raina, amma in na ce ba na so, sai an tambaye ni dalili, dalilin kuwa asirin uwata ne. Sarkin samarinmu ya je ya nemi izini wurin Baba, ya ce rawar masunta ce. Baba ya yarda, don a wurin aikinsu ana son a ga 'ya'yan ma'aikata cikin irin waɗannan abubuwa.

Da farko abin wasa ne. Ganga ɗaya gare mu, sai wani tela da ke buga gwangwani. In na zo faɗuwa nakan leƙa in ga inda babu tsakuwa, kowa ya fashe da dariya. Ƙawata, wadda aka ba matsayin uwata a wasan, takan zo ta durƙusa kaina tana kukan ƙarya tana yi mini cakulkuli a haƙarƙari. Mushe ya riƙe kai ya ce in haka za mu yi, sauran unguwanni za su yi mana dariya har baɗi.

Wata la'asar sai ga shi ya zo da wani tsoho daga Saga, da mutum biyu masu kiɗan ƙwarya. Tsohon gajere ne, idonsa ɗaya ya yi fari, yana rungume da goge a cikin tsumma. Ya zauna a ƙasa gindin bishiyar bedi, ya kwance tsumman, ya shafa ƙaro a jikin izgar, ya ja sau ɗaya don ya gwada.

Ban taɓa jin goge kusa haka ba. A gidanmu ba ya wuce numfashi ɗaya ake kashe shi. Sautin ya shiga mini ta ƙeya, kamar an ɗiga ruwan randa, ya gangara har tsakiyar bayana. Na dafa kafaɗar ƙawata.

Tsohon ya ɗaga kai ya dube ni da idonsa mai gani. Ya tambaye ni da Zabarmanci, 'yar wace ce ni. Na faɗi gidan su Inna a Saga. Ya sunkuyar da kai yana murza kunnen gogen. Can ya juya wurin Mushe.

"Zan yi muku kiɗa, amma ba zan yi na gaskiya ba. Akwai wurin da ake kiran na ruwa, zan tsallake shi. Baki kuma ba zan sa ba, babu kirari."

Mushe ya yi murmushi. "Baba tsoho, yi yadda ka ga dama. Mu dai ya yi daɗi."

Tsohon ya yafuto ni da hannu, na durƙusa gabansa. Ya rage murya ya ce, "Jikata, in kika ji na tsaya, ki zauna a inda kike. Kada ki jira kowa ya ce miki."

Daga ranar dariya ta ƙare a wajena. Kullum aka fara kiɗa sai sanyin nan ya sauko mini, hannuwana su ɗauki rawa tun kafin in sa su. Wani lokaci nakan ji ƙanshin laka, irin na bakin gulbi in ruwa ya janye, alhali muna tsakiyar filin lakwal, ƙasa busasshiya. Ina rawa ina karanta duk abin da na iya a zuci. In na zo faɗuwa ba na duba tsakuwa kuma, faɗuwa nake yi don ƙafafuna sun gaji da riƙe ni. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne ban san ko tsoron ne ke sa ni haka ba, ko kuwa abin ne ya fara leƙowa.

Su kuwa yabo suke yi. Mushe ya ce bai taɓa ganin mai wasa irina ba. Ƙawata ta daina cakulkuli. Ta ce, "Wallahi in kin juya idon nan tsigar jikina tashi take yi. Ina kika koya?" Na ce ban sani ba. Tsohon bai taɓa yabona ba. Idonsa na kaina daga farko har ƙarshe, kuma sau da yawa yakan yanke kiɗan ba gaira ba dalili, in zauna daɓas a ƙasa, Mushe ya yi tsaki ya ce a sake daga farko.

Na rage cin abinci. Wanki a gulbi sai in na ga mata sun yi yawa nake zuwa, kuma ba na barin ruwa ya wuce idon sawuna. In na ɗauki kwandon salati zuwa kasuwa, kiɗan na bina a kunne, ƙafata na faɗawa a kan bugun ƙwaryar ba da sona ba, sai in tsaya in canza tafiya.

Wata rana da hantsi muna zaune ni da Inna muna gyaran zogale, za ta yi kwaɗon da ake ce wa kopto. Ba ta dube ni ba ta ce, "Ke, wa ke yi muku goge a lakwal?"

Ganyen da ke hannuna ya zube. Ashe matan unguwa sun kai mata labari. Na kwatanta mata tsohon.

"Na san shi," ta ce. "Babanki ya sani?"

"An ce masa rawar masunta ce."

Ta ci gaba da tsinke ganye. Na daɗe ina tattara ƙarfin hali, sannan na ce, "Inna, yaya ake ji in zai zo?"

Na zaci za ta mare ni. Tun da nake ba mu taɓa yin wannan magana ba. Ta ajiye faifan ta dube ni, kallon da ba ta saba yi wa 'yar fari ba.

"Me kike ji?"

Na faɗa mata duka, sanyin, da rawar hannu, da ƙanshin laka.

"Kina jin tsoro a lokacin?"

"Kamar in mutu."

"To ke ce. Muddin kina jin tsoro, ke ce a jikinki. In ya zo babu ke, balle tsoro." Ta ɗauki faifan. "Ki ce musu ba ki da lafiya."

"Inna, biki ya matso. An ɗinka kaya a jikina. Babu wadda ta iya wurin sai ni."

"Tsohon nan ba zai kira ba," ta ce, kamar da kanta take magana. "Ya san gidanmu. Ni dai ba zan je ba, kada ki neme ni a wurin."

Ranar biki kamiyon wani ɗan ƙungiyarmu ya kwashe mu bayan azahar zuwa Filato. An kafa dandamali na katako a wani babban fili, an yi rumfa da kujeru don manya. Jama'a kuwa ba a magana, maza gefe, mata gefe, yara a kan itatuwa. Lokacin ƙasa ba ta cikin natsuwa. Ana ta raɗe-raɗi, ana kama mutane, in manya za su fito sai ka ga masu tsaro ko'ina da kulake, wasu da bindigogi. Tun a hanya sarkin samari ya gargaɗe mu: kada wanda ya yi gudu, kada wanda ya matsa kusa da rumfa.

A bayan dandamali aka ɗaura mini zane baƙi, aka shafa mini farar ƙasa a fuska da hannuwa. Ina ta waige-waige ina neman tsohon. Masu ƙwarya sun iso, amma wanda ke tsakaninsu wani ƙato ne mai jar hula, yana riƙe da gogen da na sani.

"Ina Baba tsoho?" na tambayi ɗaya daga masu ƙwaryar.

"Zazzaɓi ya kwantar da shi tun jiya, ko zama ba ya iyawa. Wannan ɗan ƙanensa ne. Ya fi shi ƙarfin hannu ma, shi ake kira yanzu in ana wasa na gaske."

Na nemo Mushe. Shi ma ba a hayyacinsa yake ba, rigarsa ta jiƙe da gumi, yana ta leƙen rumfar manya. Na ce, "Mushe, ka gaya masa akwai wurin da tsoho ke tsallakewa."

Ya je ya yi masa magana a gurguje ya dawo. "Na gaya masa. Ki kwantar da hankalinki, wasa ne."

Ban yarda ba, na je da kaina na durƙusa gaban mutumin. Na ce, "Kawu, don Allah, kamar yadda Baba tsoho ke yi. Ba ya sa baki, kuma ba ya kira."

Ya dube ni sama da ƙasa. Ba mugu ba ne, ban ga mugunta a fuskarsa ba. Bai san ni ba ne kawai, kuma tsohon yana cikin zafin ciwo bai yi masa bayani ba.

"Yarinya, a gaban ministoci zan yi rabin kiɗa? Ke dai yi rawarki."

Kafin in sake magana aka kira sunan unguwarmu.

Abin da ban yi tsammani ba, masu shirya biki sun kawo mikro sun kafa a bakin gogen. Da ya ja izgar, sautin ya fito ta manyan ƙahonin da aka ɗaure a kan sanduna, ya rufe filin gaba ɗaya. Na fito da tulu a ka kamar yadda aka koya mini. Katakon na rawa a ƙarƙashin ƙafata. Na ajiye tulun, na fara juyi. Masu ƙwarya suka ƙara wuta. Muka zo wurin da tsohon kan karkata ya wuce, sai na ji wannan bai karkata ba. Gogen ya hau wata hanya da ban taɓa ji ba, siririya, mai kama da kukan mutum. Sannan ya buɗe baki ya fara kirari da Zabarmanci irin na da, wanda rabinsa ma ban gane ba.

Sanyin ya sauko mini fiye da kullum. Haƙorana suka fara haɗuwa. Ina juyi ina tambayar kaina abu ɗaya: ina jin tsoro? Ina ji. Na sake juyi. Har yanzu ina ji? Ina ji. Na riƙe tsoron nan da hannu biyu, ban taɓa son wani abu kamar yadda na so shi a lokacin ba. Jama'a na tafi, ni ban san me jikina ke yi ba. Da na kasa, na saki jiki na faɗi tun lokacin faɗuwa bai yi ba, kuncina a kan katako mai zafi.

Ina kwance na ji ƙarar. Daga can bayan taron mata ta fito, doguwa, mai kauri, ba irin ta wanda aka taka ko aka sata wa kaya ba. Ba ta yi kama da muryar mace ba. Duk da haka na san ta, kamar yadda mutum ke sanin tarin uwarsa a cikin duhu.

Na ɗaga kai. Mata na watsewa, suna ture juna, wuri ya buɗe a tsakiyarsu. A rumfa manya sun miƙe tsaye. Masu tsaro suka yi wajen da gudu, na ga ɗaya ya sauke bindiga daga kafaɗa. Ƙawata ta durƙusa kaina za ta fara kukanta na wasa, na ture ta, na diro daga dandamalin. Ƙafata ta gurɗe, ban ji ba sai daga baya. Na kutsa cikin mutane da farar ƙasa a fuska, suna ganina suna ba ni hanya, wasu na salati.

Inna ce. Tana ƙasa a kan gwiwoyi da tafin hannu, kallabinta ya faɗi, gashinta a waje. Uwata da ko ƙofar gida ba ta leƙawa ba mayafi. Tana jan jiki a cikin ƙura kamar mai iyo, kumfa a bakinta, wannan murya na fita daga ƙirjinta. Wani mai tsaro ya iso da kulki a sama, bai san me ke faruwa ba, ya zaci tarzoma ce. Na faɗa tsakaninsu na rungume ta. Jikinta ya yi tauri kamar itace, kuma sanyi ƙalau, a cikin wannan rana.

Wata tsohuwa ta daka wa mai tsaron tsawa da Zabarmanci, ta ce ba ya gani ne, na ruwa ne suka sauka. Ya tsaya. Ya dubi Inna da kyau, ya sauke kulkin, ya ja da baya. Ya juya ya ɗaga wa 'yan uwansa hannu alamar ba komai. Tsofaffin mata suka kewaye mu, suka kwance mayafansu suka yi mana katanga. Ɗaya ta ɗaura wa Inna zane a ƙugu da ƙarfi don kada ta tsiraita.

Na yi ta kiranta, "Inna, Inna, ni ce." Ta juyo ta dube ni. Babu abin da na taɓa gani da ya kai wannan ban tsoro. Idanunta ne, amma ba ta san ni ba, kuma ba ta damu ta san ni ba.

Sai ga Baba. Yana can wajen da direbobi ke jiran manyansu, wani ya je ya gaya masa. Ya ratso mata da kakinsa na aiki. Da na gan shi na ce yau kashinmu ya bushe, ni da ita duka, a gaban dukan Yamai. Ya tsaya yana kallon matarsa a cikin ƙura. Ya dube ni, da baƙin zane da farar fuska.

Ya tsuguna a gabanta, ba kusa sosai ba. Ya yi mata sallama, cikakkiya, irin wadda ake yi wa baƙon da ba a sani ba. Sannan ya juya wurin tsohuwar nan ya ce da Zabarmancinsa mai gargada, "Uwa, me ake yi?"

"Kada a yanke kiɗan," ta ce. "In aka yanke a nan za ta ji ciwo. A ce wa mai gogen ya sauke su."

Baba ya tashi da kansa ya nufi dandamali. Na bi shi da ido. Ya wuce ta gaban rumfar, gaban maigidansa na wurin aiki da sauran manya, ya tsaya a gindin katakon ya yi wa mai jar hula magana. Kiɗan ya canza, ya yi sanyi, ya riƙa saukowa a hankali. Jikin Inna ya fara saki a hannuna. Ta yi atishawa, ta sake yi, sannan ta zube a cinyata kamar jiƙaƙƙen tsumma.

Da ta buɗe ido ta ce, "Ke, ina kallabina?"

A kamiyon ƙungiya aka mai da mu gida, ni da ita da biyu daga cikin tsofaffin. Baba bai iya binmu ba, sai da ya mai da maigidansa. An ce bayan tafiyarmu an ci gaba da biki, wata unguwa ta hau ta yi waƙa. Ba mu ci kyautar komai ba a shekarar.

Inna ta yi kwanaki a kwance, duk gaɓoɓinta na ciwo, gwiwoyinta sun sale. Ni kuma ƙafata ta kumbura, ina ɗingishi ina yi mana hidima. Ba ta tuna komai ba daga lokacin da mai gogen ya buɗe baki. Ina gasa mata gwiwa da ruwan zafi na ce, "Inna, kin ce ba za ki zo ba."

"Da safe aka gaya mini tsohon ba shi da lafiya," ta ce. "Na san wanda za su aiko."

"Da kin aiko an hana ni."

"Kun riga kun tafi lakwal. Kuma wa zai saurare ni?" Ta gyara kwanciya, ta juya fuska wajen bango. "Na ce in an kira su, gara su tarar da wadda suka sani."

Na ci gaba da matsa tsumman a gwiwarta har ruwan ya huce.

Tsoron bai ƙare a nan ba. Mun yi makonni muna jiran a kori Baba daga aiki, ko a zo a tafi da shi a tambaye shi dalilin da iyalinsa suka ta da hankalin manya. Duk motar da ta tsaya a bakin layinmu sai gabana ya faɗi. An kira shi an yi masa tambayoyi, ya dawo bai faɗi abin da aka ce ba, washegari ya sa kakinsa ya tafi aiki. A kasuwa mata na nuna ni da baki. Wasu sun daina sayen salatina, wasu kuma suna saye don su ƙare mini kallo.

Mushe ya zo gida ya ba da haƙuri. Ya zauna a tabarma a zaure, ya cire tabarau yana ta gogewa, ya ce bai san abin zai kai haka ba. Baba ya sa aka kawo masa ruwa, ya ce ya wuce. Tsohon Saga ma da ya samu sauƙi ya zo, da sanda. Shi sun daɗe da Baba a zaure, murya ƙasa-ƙasa. Bayan zuwansa Baba ya ɗauki Inna da kansa ya kai ta Saga wurin danginta, ta yi kusan wata. Abin da aka yi a can ba a gaya mini ba, ni ma ban tambaya ba. Ta dawo ta rame, amma tana cin abinci, tana barci.

Ni Baba bai yi mini faɗa ba, bai kuma yi mini magana ba. In na gaishe shi ya amsa, shi ke nan. Na fi son ya doke ni. Sai wata Juma'a bayan ya dawo masallaci, na kawo masa fura, ya dubi ƙafata.

"Ta warke?"

"Ta warke, Baba."

"Sarkin samarinku ya tare ni a hanya. Ya ce kin daina zuwa." Ya kurɓi furar. "Ki je. In kin zauna a gida za a ce wani abu ne ya same ki."

Na koma ranar Asabar. Tun daga nesa nake kasa kunne, na shirya in na ji goge in juya. Ba goge, ba ƙwarya. Suna gwajin wani wasan ban dariya a kan mutumin da ya ƙi kai 'ya'yansa lamba, wato rigakafi, tela mai gwangwani ne ke yin likita da wata ƙatuwar allura ta kara. Da suka gan ni suka dakata da wasan. Mushe ya ce, "Sannu da zuwa." Ƙawata ta taso ta kama hannuna ta kai ni inda ake ɗinka farar rigar likitan, ta miƙo mini allura da zare. Na kasa zura zaren, sai da ta karɓa ta zura mini. Na zauna na jingina da bangon aji, na kama kalmasa bakin rigar.